Tsimin Baƙo: Daga Aljihun Wa Yake Fita?

Ƴan uwa ɗalibai, da zarar an fara jin ƙamshin babban hutu, hira ɗaya ce ke yawo a ɗakunanmu: lissafin bakansi. Nawa ne kuɗin kar daga Yamai zuwa Maraɗi, nawa daga Maraɗi zuwa Mayahi ko Tasawa, nawa mai kabu-kabu zai karɓa ya ƙarasa da kai ƙauye, nawa za ka ware na tsaraba. Kowa na neman inda zai rage. A ƙarshen lissafin kuma akwai wata magana da mukan yi muna dariya: «Kai, in dai na taka gida shi ke nan, ci kyauta ne har a koma.»

Wannan maganar nake so mu zauna mu juya ta. Tsimi abu ne mai kyau, da shi aka raine mu, kuma ɗalibin da bai iya shi ba ba zai ga ƙarshen wata ba. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: dalar da na rage, daga ina ta fito? Wani lokaci daga cikina take fita, na haƙura da abin da raina ke so. Wani lokaci kuma daga tukunyar wani take fita, ni in ci, shi ya biya. Duka biyun muna ce musu tsimi, alhali ba abu ɗaya ba ne. Zan faro daga nesa, daga mutanen da ba su san da zamanmu ba, domin sau da yawa sai mutum ya ga halinsa a jikin wani yake gane shi.

Masu hutu a tsibiri

A ƙasashen masu hali akwai mutanen da kan tara kuɗi shekara guda don su je hutu wani tsibiri mai rana da bakin teku, kamar Zanzibar, ko Moris, ko tsibiran Karibiyan. In sun sauka, abin da ke fara tayar musu da hankali shi ne kuɗin cefane. Madara, burodi, man girki, ruwan kwalba, komai ya fi na garinsu tsada. Saboda haka suna da dabarun da suke koya wa juna: a kama ɗaki mai madafa maimakon otel, a cusa taliya da kofi cikin akwati tun daga gida, a yi cefane sau ɗaya a babban kanti, a guji gidajen abinci, in za a sayi kifi a je bakin ruwa a taya wa masunta ƙasa-ƙasa.

Tsadar ba banza ta zo ba. Ƙasar noma a tsibiri ba ta da yawa, a wasu wuraren ma tun zamanin bauta aka ba da mafi kyawunta ga rake, daga baya ayaba, don a fitar waje. Yawancin abin da ake ci jirgin ruwa ke kawo shi daga nesa, kuma kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da shigo da kaya da manyan kantuna. Mu ɗauki Gwadalup da Martinik, tsibirai biyu da ke ƙarƙashin Faransa. Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta auna farashi a 2022, ta tarar kayan abinci sun fi na cikin Faransa tsada da kashi 42 cikin 100 a Gwadalup, da kashi 40 a Martinik. A ranar 20 ga Janairu 2009 mutanen Gwadalup suka shiga yajin aiki na gama-gari a kan tsadar rayuwa, suka yi kwana 44, ƙarƙashin haɗakar LKP da Élie Domota ya jagoranta. A 2024 wutar ta sake tashi a Martinik, har aka kafa dokar hana fitar dare. A harshensu na Kiriyol suna da kalma guda da suka ɗora wa abin da suke yaƙa: pwofitasyon. Mu da Hausa sai mu ce ci da gumin wani.

To ga inda maganar take. Mai hutu yana kukan tsadar mako biyu, ɗan tsibiri kuwa ita yake biya tun daga haihuwa. Sannan ka duba inda tsimin mai hutun ke sauka. Kuɗin jirgin sama ya biya su cif, bai taya ba. Kuɗin ɗaki ya biya tun bai taso ba. A babban kanti abin da aka rubuta shi yake miƙawa. Wurin da kawai ya samu bakin ciniki shi ne gaban mai kifi da mai tallar mangwaro. Ya sha ruwan tsibirin, ya bi hanyoyinsa, ya bar masa shara, amma ɗan abin da ya rage na kuɗi daga hannun mafi ƙanƙanta a kasuwar ya fizge shi. Bai saci komai ba, bai karya dokar kowa ba. Duk da haka in ka ji labarin sai ka ji wani abu bai zauna daidai ba.

Tsibirinmu na rairayi

Wani zai ce ina ruwanmu da tsibiri, mu da ko teku ba mu da ita. Ai rashin tekun ne ya sa muka zama ƴan tsibiri. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai akwai sama da kilomita 1,000. Mun ga abin da hakan ke nufi bayan 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin shinkafa ya tashi a kowace kasuwa. Ƙasa ce da ruwa bai kewaye ta ba, nisa ne ya kewaye ta.

In Nijar tsibiri ce, to kwamin ɗinmu ta El Allassane Maïreyrey tsibiri ce cikin tsibiri. Bi buhun sukari ka gani. Ya sauka Maraɗi, babban ɗan kasuwa ya ɗora nasa. Ya hau mota zuwa Mayahi ko Tasawa, an ɗora na mota da na mai lodi. Daga nan ya shiga rairayi, inda mota ke kafewa, wani wurin sai amalanke. Mai butiki na ƙauye ya karɓa, sau da yawa bashi. Shi kuma ya san masu sayensa ba su da kuɗin kilo, sai ya ƙuƙƙulla shi a leda, na dala 5, na dala 10. Haka mai, haka sabulun gari, haka gishiri. In ka tara ƙulle-ƙullen nan har su cika kilo, za ka tarar matar ƙauye ta fi ma'aikacin birni sayen sukari da tsada. Wannan lissafi ne da ya kamata kowane ɗalibi ya yi sau ɗaya da hannunsa.

Abin da ƙauye ke sayarwa kuma hanyar baya yake bi. Da kaka, kowa na da hatsi, kowa na da bashi, ga biki, ga suna, ga kuɗin asibiti. Sai a fitar da gero da wake da riɗi da gujiya lokacin da tiya ta fi kowane lokaci araha. Ƴan kasuwa su tara a mangaza. In rumbu ya yi ƙasa, daga bazara zuwa tsakiyar damina, geron nan ya dawo ƙauyen da ya noma shi da wani kuɗi dabam. Wanda ba shi da na saye ya faɗa bashin nan da sunansa ma ya ishe shi bayani: a-ci-ba-daɗi.

Yayyenmu da iyayenmu ba su manta 2005 ba. Bayan fari da farar ɗango na 2004, jihar Maraɗi, wadda ake yi wa kallon rumbun ƙasa, tana cikin inda yunwa ta fi kama yara. Kuma kasuwanni ba su rasa hatsi ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane. A farkon shekarar nan ce aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan wasu kayan masarufi, ƙungiyoyin farar hula suka fito a watan Maris, aka rufe kasuwanni da shaguna a manyan garuruwa, har gwamnati ta ja da baya a kan wasu kayan. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, tun 1981 ya nuna da misalin yunwar Bengal ta 1943 cewa mutane kan mutu da yunwa abinci na jibge a kasuwa, in abin hannunsu bai kai su saye shi ba. Manomin Mayahi bai karanta Sen ba, amma ya san wannan darasi a cikinsa.

Baƙon damina

Yanzu mu dawo kan bakansinmu. Yaushe yake faɗowa? Cikin damina, daidai lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi bai nuna ba, tiya ta kai ƙarshen tsadarta, aikin gona kuma ya kai ƙarshen nauyinsa. Wato watannin da muke kira na ci kyauta su ne watannin da kowace loma ta fi tsada a gidan.

Kuma ɗan jami'a in ya zo, ba abin da gida ke ci ake ba shi ba. Kowa a cikinmu ya san wannan. A kama zabuwa ko kaza. Gidan da ke wuni da hura a ɗora masa shinkafa. A aika butiki a karɓo shayi da sukari, a ce a rubuta. Wani gidan uwa ta sa a kai akuyarta kasuwa, wadda take ajiye don ranar wuya, kar a ce ɗanta ya zo daga Yamai ya rame a gabanta. In ka ce mata: «Inna, ke fa, kin ci?» amsar ɗaya ce a kowane gida: «Ci abinka, ɗana, ni na ƙoshi.» Mu da muke nazarin harshe mun san akwai abin da jimla ke faɗi, akwai kuma abin da take aikatawa. Wannan «na ƙoshi» ba labarin cikinta take ba ka ba, rufa maka asiri take yi.

Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, kuma mutanenmu sun riƙe wannan da gaske. Amma shi ne kuma ya ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan sauka da asuba, rana na ɗagawa ta tashi. Malamai ma sun karantar da mu cewa haƙƙin baƙo kwana 3 ne, abin da ya wuce nan sadaka ce. To wanda ya yi wata biyu ana yi masa hidimar baƙo, sadakar wa yake ci?

Na san abin da za a ce mini: «Ni ba baƙo ba ne, gidan ubana ne.» Gaskiya ne. Sai dai a gidan gandu ci da aiki tare suke tafiya. Wanda ya sauka yau, gobe ya saɓa hauya ya bi ƙannensa gona, ko ta ɗauki taɓarya ta kama wa inna daka da ɗiban ruwa, wannan ɗan gida ne, tuwonsa guminsa ne, ba da shi nake ba. Amma wanda zai kwana har hantsi, ya tashi ya nemi inda waya ke kamawa, ya wuce fada shan shayi, ya dawo ya tarar da kwanonsa a rufe, wannan ɗan yawon buɗe ido ne a gidan ubansa. Bambancinsa da mai hutun tsibiri kaɗan ne: wancan ya biya kuɗin ɗaki.

Abin da harshenmu ya riga ya sani

Hausa ba ta da kalma ɗaya tak ta riƙon kuɗi, tana da su da yawa, kuma kowace da fuskarta. Tsimi shi ne ka ja abin hannunka ya daɗe. Tanadi shi ne ka hango gobe ka ajiye mata. Tattali ya fi su faɗi, domin ana tattalin kuɗi, ana tattalin jariri, ana tattalin marar lafiya, ana tattalin aure. Da aka zo neman sunan ilimin dukiyar ƙasa da Hausa, wannan kalmar aka ɗauko aka ce tattalin arziki, kalmar da ke ɗauke da kulawa da lallaɓawa. A ɗaya gefen kuma ga rowa, ga maƙo, ga ƙwauro. Abin lura shi ne, mai tsimi da marowaci duka hannunsu a dunƙule yake. In daga nesa ka hango su ba za ka raba su ba. Abin da ya raba su shi ne wanda ke jin zafin dunƙulewar. Mai tsimi kansa yake hanawa. Marowaci wani yake hanawa.

Matafiyi ma harshe ya rataya masa kalmomi biyu: guzuri da tsaraba. Guzuri don kar ya zama kaya a kan mutanen hanya, tsaraba don ya shiga gida da hannu a buɗe. Mutanen da suka yi fatauci zuwa Gwanja da ƙafa, suka yi tafiyar Makka ta shekaru, sun san darajar dala fiye da mu, amma ba su ɗauki tafiya hannu rabbana a matsayin wayo ba.

Sai maganar kasuwa. In ka faɗi kuɗin da za ka biya, an ce ka taya, kalmar da a baki iri ɗaya ce da ta «zo ka taya ni aiki». In tayin bai yi wa mai kaya ba, ba zai ce maka a'a ba, sai ya ce albarka. Ƙi ne, amma da addu'a aka naɗe shi. In ya yarda ya ce ya sallama. In an gama ka nemi gyara, ya ƙara maka ɗan wani abu a sama, kamar dai cinikin bai cika ba sai an gyara tsakaninku. A rabu da «Allah ya amfana», «Allah ya kawo kasuwa». Duk wannan yana nuna mini cewa a tunanin waɗanda suka gina harshen, ciniki hulɗa ce tsakanin mutum biyu da za su sake haɗuwa, kuma ana so kowa ya tashi da mutuncinsa.

Inda muke ciniki da inda muke shiru

Mu gwada kanmu da ma'aunin da muka gwada mai hutun tsibiri. Wa ya taɓa taya tikitin kar a gishe? Wa ya taɓa cewa a rage masa kuɗin mega? A farmasi, a gidan mai, a babban kanti na Yamai, abin da aka ce shi muke ba da wa, har da godiya. Amma bari mu isa kasuwar ƙauye gaban tsohuwa mai kashin kuɓewa:

«Inna, nawa kashi?»
«Dala 20, ɗana.»
«Haba Inna! Dala 10.»
«Albarka.»
«To ga 12, in ba haka ba in wuce.»
«Kawo, ɗana, rana ta yi.»

Ku saurari ƙarshen nan da kyau. Ba ta ce ta sallama ba, cewa ta yi rana ta yi. Tana da tafiya a gabanta, kuɓewa ba ta kwana biyu, kuma da kuɗin nan za ta auni abin da za a ci da dare. Kai kana iya wucewa, ita ba ta iya komawa da kayan. Wannan bambancin shi ka yi ciniki da shi, ba iya bakinka ba. Dala 8 da ka rage, sefa 40 ke nan, ba ta kai ka ko'ina, a wurinta kuwa gishirin miya ne. A shari'a cinikin ya ƙullu, ba wanda zai kai ka gaban alƙali. Amma ba duk abin da alƙali ya ƙyale ba ne mutunci ke ƙyalewa. Ƙarfin cinikinmu yana ƙaruwa ne daidai yadda ƙarfin mai kaya ke raguwa, kuma ni wannan ne na kasa samun sunan da zan ba shi in ba rowa ba.

Masu ja da wannan magana

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a tsallake su ba.

Ta farko: ɗalibi ma talaka ne. Da yawanmu ba mu da burs, masu ita ma sun san yadda jiranta yake. Akwai wanda kuɗin motar zuwa gida ma sai an aiko masa. Yaya za a ɗora wa wannan nauyin ciyar da gida? Amsata ita ce ba a tambayar mutum abin da ba shi da shi. Wanda ba shi da kuɗi yana da hannu, kuma a watan noma hannu kuɗi ne, domin duk ranar da ka yi a gona ranar barema ce da baba bai biya ba. Sannan talauci hawa-hawa ne. Wanda ke da na mega kowane mako bai kai wadda ke ƙirga ƙwayar maggi ba. In za a yi tsimi, a bi shi daki-daki: ka fara da son ranka, sannan ka ja da mai ƙarfi, mai rauni ya zo ƙarshe, in ma ya zo.

Ta biyu ta fi ƙarfi: in baƙo yana biyan duk abin da aka faɗa masa, ɓata kasuwa yake yi. Mai kaya ta saba da kuɗin baƙi, gobe maƙwabciyarta ta zo saye ta tarar abu ya tashi. Wannan gaskiya ne, ana ganinsa a tsibiran masu yawon buɗe ido, ana ganinsa a garuruwanmu da ma'aikatan proje suka yi yawa. Almubazzarancin baƙo ma wani ke biyansa. Shi ya sa ban ce a daina ciniki ba, ban kuma ce a riƙa watsa kuɗi don a ce ɗan birni ya zo ba. Kowace kasuwa tana da kuɗin gari, wanda kowa ya sani. Ka tambayi ƙanwarka kafin ka fita. In an tsuga maka, ka taya har a dawo kan kuɗin gari, wannan haƙƙinka ne, kare maƙwabta ne ma. In an kai nan ka tsaya. Abin da ke ƙasa da kuɗin gari, wanda gaggawar mai kaya ce kawai za ta ba ka shi, ba naka ba ne.

Ta uku: iyaye ba sa son a yi musu lissafi. Ka miƙa wa baba kuɗin abincinka, ai zagi ne. Haka ne, kuma duk mai hankali ba zai yi haka ba. Amma Bahaushe ya daɗe da sanin hanyar ba da abu ba tare da an kunyata mai karɓa ba. Ba ka cewa «ga kuɗin tuwona». Buhu ne ke sauka a zaure a ce tsaraba ce. Bashin butiki ne ke ɓacewa daga littafi ba a san wanda ya biya ba. Cewa ne: «Inna, don Allah a bar shinkafar nan, ni hurar gida na yi kewa», ka kuma sha ta da gaske har ta yarda.

To, me ya rage a yi?

Ba sai mun je nesa neman dabara ba. A nan jihar Maraɗi ne, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a kan asusun da aka sa wa suna Mata Masu Dubara: mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba ɗan abin da ta iya, su ranta wa juna, a raba a ƙarshen zagaye. Tsarin nan daga ƙauyukanmu ya tashi ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan da yawancinsu ba su taka lakwal ba suka koya wa duniya tanadi. Abin kunya ne a ce ƴaƴansu na jami'a sun kasa haɗa adashe na mutum 10.

Ga abin da nake ganin yana hannunmu. Na ɗaya, lokaci. Jika 5 da ka aika gida da kaka, a auni gero a ajiye, ta fi jika 5 da ka riƙo a watan bakwai. Hikimar da ke cikin bankunan cimaka da jinginar hatsi da ake kira warantaji ke nan: kar a sayar lokacin araha a saya lokacin tsada. Ɗaliban kwamin ɗaya suna iya haɗa kuɗi su yi wannan tare. Na biyu, zaɓin tsaraba. Biskit da alawa na faranta wa yara rai na awa ɗaya. Amma abin da ƙauye ke saye da tsada a ƙulle, irin su mai, sukari, sabulu, gishiri, shi ya kamata ka sayo da yawa a Maraɗi inda ya fi sauƙi. Na uku, abin da ƙauye ke samarwa, a ƙauye za ka saye shi, a kuɗin gari: ƙwan zabi, nono, ƙuli-ƙuli, zogala, kuka. Kuɗin ya faɗa hannun matar da ta yi wahalarsa a gamanarta. Ka kawo abin da babu, ka sayi abin da akwai. Da mai hutun tsibiri zai tambaye ni, amsar da zan ba shi ke nan shi ma: ya rage kwana ɗaya a otel, ya biya mai kifi kuɗin kifinta.

Mafi yawanmu wata rana za mu zama ma'aikata, malamai, wasu ƴan kasuwa, wasu masu sa hannu a takardun da ke yanke kuɗin tiya a kasuwannin da ba za su taɓa takawa ba. Halin da za mu riƙe a can, yanzu muke koyonsa, a gaban tsohuwa mai kuɓewa da kuma gaban kwanon da aka rufe mana. Wanda ya saba tun yana ɗalibi cewa duk inda ya samu sauƙi rabonsa ne, ba ya tambayar wa ya ɗauki nauyin, in ya samu kujera haka zai yi, sai dai da buhuna maimakon kashi.

Don haka in kun zauna lissafin bakansin bana, ku ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar. Bayan kuɗin kar da na kabu-kabu da na tsaraba, ku rubuta: abin da zan ci a gida, wa zai biya? In amsar ta fito «ni, da aljihuna ko da hauyata», to Allah ya kai ku lafiya, ku gaida mutan gida. In kuwa amsar «Inna» ce, a sake lissafi.